Ƙugiyar da ta tona asirin makashin bishiyoyin Turai

Duk wanda ya shiga dajin bishiyar ash a Turai tsakanin watan Yuni da Satumba, ya tsuguna ya yaye ganyen da ya lulluɓe ƙasa, zai tarar da tsinkayen ganyen bara sun yi baƙi ƙirin. A jikin tsinkayen kuma wasu 'yan fararen abubuwa sun fito a jere, kowanne da 'yar ƙafarsa da ɗan ƙoƙo a kansa, faɗin yawancinsu bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Dangin naman kaza ne, cikin halittun da masana ke kira fangas. Iri biyu ne ke fitowa a wannan wuri da wannan kama. Ɗaya tun 1851 aka rubuta shi a littattafan masana a Faransa, kuma ba a taɓa kama shi da laifin kashe bishiya ba; aikinsa cin mataccen ganye. Ɗayan kuwa ya hallaka miliyoyin bishiyoyi daga Polan har Ayalan a cikin shekara talatin. Ido ba ya raba su. An ma yi wani lokaci da manyan masana suka ɗauka madubin ɗakin gwaji shi ma ba zai raba su ba, sai dai a yi gwajin DNA. Ashe alamar tana nan, a gindin wata 'yar jaka da tsawonta bai fi kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, wurin da kusan kowa ke tsallakewa.

Bishiyar ash, wadda sunanta na kimiyya Fraxinus excelsior, 'yar uwar zaitun ce, sai dai ta fi shi tsayi nesa ba kusa ba. Ganyenta irin na dogon yaro ne: tsinke ɗaya dogo, ƙananan ganye sun jeru hagu da dama. Wannan tsinken shi ne gidan fangas ɗin da muke magana a kai. Katakonta yana da ƙarfi kuma yana lanƙwasa ba tare da ya karye ba, shi ya sa Turawa suka daɗe suna yin ƙotar gatari da guduma da kujeru da shi, mutanen Ayalan kuma da shi suke sassaƙa sandar wasansu na gargajiya. A Birtaniya kaɗai an lissafa halittu fiye da 950, tsuntsaye da ƙwari da gansakuka da sauransu, da ke rayuwa a jikinta ko a inuwarta.

A 1992 aka fara ba da rahoton bishiyoyin ash suna mutuwa da yawa a Polan. Ganye ya yi yaushi ya yi baƙi tun yana kan reshe, ɓawo ya yi tabo mai tsini sama da ƙasa a daidai inda reshe ya fito, kan bishiya ya bushe daga sama yana gangarowa. Aka zargi sanyi, aka zargi fari. Cutar ta bazu zuwa Lituwaniya da sauran ƙasashen gaɓar tekun Baltik, ta shiga Jamus da Denmak da Suwidin. Sai a 2006, bayan shekara 14, Tadeusz Kowalski, masanin cututtukan itatuwa a birnin Krakow, ya ware wani fangas daga rassan da suka kamu, ya rene shi a faranti, ya ga ba a taɓa rubuta shi ba, ya sa masa suna Chalara fraxinea.

Samun suna bai warware matsalar ba. Abin da ke fitowa a farantin wasu 'yan ɗakuna ne masu siffar kwalba, suna zubo ƙwayoyin iri ƙanana masu danƙo, waɗanda ke dunƙulewa wuri guda. Iri mai danƙo ba ya tashi a iska, ga shi kuwa cutar tana cin kilomita da dama kowace shekara. Dole akwai wata siffa ta wannan halitta da ba a gani ba tukuna. Fangas da yawa haka suke: suna da fuska biyu, ɗaya ta yaɗuwa ba tare da barbara ba, ɗaya ta barbara, kuma fuskokin kan bambanta har a ba su suna daban-daban. Kowalski ya koma ƙarƙashin bishiyoyin, ya samo 'yan fararen ƙoƙunan nan a kan baƙaƙen tsinkaye. A 2009 shi da Ottmar Holdenrieder na Zurich suka nuna cewa ƙoƙunan da abin da ke cikin farantin halitta ɗaya ce. Suka duba littattafai, suka ga kamanninsa sun dace da Hymenoscyphus albidus, tsohon ɗan gida da aka sani fiye da shekara 150.

Nan kuma wata tambayar ta taso, wadda ta fi ta farko tayar da hankali. Me zai sa halittar da ta zauna lafiya da bishiya tun kaka da kakanni ta wayi gari tana kisa? An yi ta hasashe, har da sauyin yanayi. Amsar ta fito daga Siwizalan, inda Valentin Queloz da abokan aikinsa suka gwada DNA na ƙoƙuna daga wuraren da cutar ta kai da wuraren da ba ta kai ba. Iri biyu ne mabambanta. Kama da wane ba wane ba ne. Suka sa wa makashin suna Hymenoscyphus pseudoalbidus, aka buga aikin a 2011, kuma fahimtar da ta bazu a lokacin ita ce da ƙyar siffa za ta raba su.

Yadda ake karanta ɗan ƙoƙo

Kafin a gane abin da aka tsallake, sai a san yadda ake wannan aiki. Madubin da ake amfani da shi bai bambanta da wanda ake duba jinin mai zazzaɓi da shi a asibiti ba. Sauran kayan kuwa reza ce sabuwa, allura, gilashin gwaji da siririn murfinsa, ruwa, da 'yan kwalaben rini biyu ko uku.

Aiki na farawa tun a daji. Mai nema ba ya tsinke ƙoƙon ya bar tsinken, domin sanin abin da fangas ke ci rabin sunansa ne: itace ne ko ganye, na wace bishiya, ɗanye ko ruɓaɓɓe, a kan ɓawo ko a kan tsirarar katako. Yana sa shi cikin ɗan akwati da ɗanyen gansakuka don kada ya bushe, ya rubuta wuri da rana. A gida sai ya ɗora ƙoƙon ƙarƙashin ƙaramin madubi, ya yanka shi tsaye da reza, yanka mai sirantar da haske zai ratsa. Wannan shi ne matakin da ke korar masu koyo da yawa, don yanka abin da bai kai milimita 3 ba ba tare da an murƙushe shi ba yana son hannu mai natsuwa da maimaici mai yawa. Yankan sai a sa shi cikin ɗigon ruwa, a rufe, a fara dubawa da ƙarfin ninki 100, a hau 400, a ƙare da 1000 bayan an ɗiga mai a kan murfin.

Abin da zai bayyana a saman ƙoƙon shi ne jakunkuna a tsaitsaye, a matse da juna, kowace da ƙwayar iri 8 a cikinta. Tsakaninsu akwai siraran zaruruwa marasa iri da ke tallafe su. Ana auna komai da maikiromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Jakar makashin ash tana kai wajen maikiromita 100 a tsaye. Ƙwayar irinsa tana kama daga 13 zuwa kusan 21 a tsawo, faɗinta 3.5 zuwa 5, kanta na sama a dunƙule ya ɗan karkata gefe, na ƙasa ya tsuke. Ba a auna ƙwaya ɗaya a yanke hukunci. Ana auna ashirin ko talatin, waɗanda suka nuna, a fitar da matsakaici. Daga nan a zura ruwan aidin ta gefen murfin. A bakin kowace jaka akwai wani ɗan zobe da irin ke bi idan an harba shi, kuma a wannan dangi zoben yakan koma shuɗi idan aidin ya taɓa shi. Siffar zoben da launin da ya ɗauka suna nuna dangi. Haɗin aidin da aka fi sani a wannan fanni Václav Melzer ne ya fito da shi a 1924, wani malamin makaranta a ƙasar Cek da ke nazarin naman kaza a lokacin hutunsa.

A duk waɗannan gwaje-gwaje, ɗan gida da makashi amsa ɗaya suke bayarwa, ko kusa da haka. Zoben duka shuɗi. Iri siffa ɗaya. Na makashin ya ɗan fi girma idan an ɗauki matsakaici, amma awon ya shiga juna sosai, ta yadda ƙoƙo ɗaya a hannu ba zai ba da tabbaci ba. Akwai alamar da ido ke gani: makashin yakan baƙanta tsinke gaba ɗaya, ɗan gida kuma yakan yi baƙin tabo nan da can. Wannan ma zato yake ƙarfafawa, ba hujja ba ce.

Akwai wani Bajamushe a garin Tübingen, Hans-Otto Baral, wanda ya shafe shekaru yana faɗa wa abokan sana'arsa cewa suna duba gawa suna ɗauka sun ga mai rai. Al'adar da aka gada ita ce a busar da fangas, a adana a ambulan, in an tashi nazari a jiƙa shi da ruwan fotash ko haɗin Melzer. Waɗannan ruwaye suna kashe duk abin da ya rage da rai. A wata doguwar maƙala ta 1992, Baral ya nuna irin asarar da ake yi: jaka mai rai a kumbure take, in ta mutu sai ta tsuke, awonta ya sauya, 'yan ɗigon mai da ke cikin ƙwayar iri, waɗanda tsarinsu ke bambanta iri da iri, sukan narke su haɗe, wasu abubuwa masu ƙyalli a cikin siraran zaruruwan nan kuma sukan ɓace gaba ɗaya. Shawararsa mai sauƙi ce, a fara duba abu ɗanye a cikin ruwan famfo kafin a zuba masa komai. Wani abin da ya nace a kai shi ne a riƙa bin jaka har gindinta. Mutane sun saba tsayawa a kan iri da bakin jaka saboda su ne a fili. Gindin yana cushe cikin zaruruwa, sai an danna murfin a hankali an warwatsa su, sau da yawa sai an sa jan rinin Kongo don bangon ɗakunan zaruruwan ya fito.

Abin da ke gindin jaka

Jikin fangas zare ne, zaren kuma ya kasu ɗaki-ɗaki da bango a tsakani. Zaren da zai haifi jaka yana ɗauke da cibiya biyu a ɗakinsa na ƙarshe, wato ma'ajiyar gadon halitta guda biyu da ba su haɗe ba tukuna. A iri da yawa, kan zaren sai ya lanƙwaso baya ya zama ƙugiya. Cibiyoyin biyu su rabu a lokaci guda su zama huɗu. Bango biyu su gitta, ɗaki uku su samu: na bakin ƙugiya da cibiya ɗaya, na kan lanƙwasa da biyu, na ƙasa da ɗaya. Na kan lanƙwasar shi ke miƙewa ya zama jaka. Cibiyoyinsa su haɗe, su sake rabuwa sau uku, a sami iri 8. Bakin ƙugiyar kuma ya manne da ɗakin ƙasa, ya mayar masa da cibiyarsa, a sake wani zagayen. Bayan an gama, jakar takan zauna a kan ƙafa biyu, da ɗan lanƙwasa a gefe, wani lokaci har da 'yar kafa a tsakiya da haske ke ratsawa. Wasu irin kuma ba sa yin ƙugiya sam. Jakarsu a kan bango ɗaya miƙaƙƙe take zaune. Wannan hali ba ya sauyawa da ruwa ko rana ko tsufa. Irin da ke yi yana yi, wanda ba ya yi ba ya yi.

Makashin ash yana da ƙugiya. Ɗan gida ba shi da ita. Masu bincike a Japan da Sin, inda a can ma ake samun makashin, su ne suka ambaci ƙugiyar a samfuransu, sannan a 2014 Baral da Martin Bemmann suka fitar da nazari mai shafi fiye da 60, inda suka bi samfura daga ƙasashe daban-daban, sababbi da tsofaffi, suka nuna bambancin yana tsayawa daram. Sun kuma yi gargaɗi a kan wani tarko: gindin jakar ɗan gida yakan fitar da ɗan tsiro a gefe wanda mai gaggawa zai ɗauka ƙugiya ce, alhali bai koma ya manne da ɗakin ƙasa ba. Sai an ga mannewar a jaka da yawa, musamman ƙanana da ba su nuna ba, kafin a rubuta suna.

A ganina wannan aiki ya cancanci a girmama shi fiye da yadda ake yi. Gwajin DNA ne ya fara raba irin biyu, babu mai musun haka, kuma da shi hukumomi ke tabbatar da cuta a reshen da babu ƙoƙo a kansa. Amma gwajin yana son ɗakin gwaji da kuɗi da jira. Ƙugiya kuwa mai gadin daji ko malamin makaranta da ke da madubi zai iya ganinta da yammacin ranar da ya tsinto tsinken. Kuma da yake bangon ɗaki ne ba abin cikinsa ba, tana nan ko a busasshen samfur da ya shekara ɗari a ambulan, wanda DNA ɗinsa ya riga ya lalace. Da haka ake iya komawa ma'ajiyar tsofaffin samfura a tambaye su wane iri ne ke wuri kaza kafin cutar ta zo. Mutane da yawa da ke wannan aiki a Turai ba albashi ake biyansu ba, sha'awa ce ta riƙe su, suna aika wa juna hotuna da awo. Ilimi ne da ake koya hannu da hannu, kuma jami'o'i da yawa sun rage koyar da shi tun da injinan karanta DNA suka yi araha.

Daga ina ya zo

Amsar wannan ma a ambulan take. Tun 1993 Tsuyoshi Hosoya ya rubuta wani ɗan farin ƙoƙo a Japan, a kan tsinken ganyen ash na Manchuriya, Fraxinus mandshurica, ya ajiye shi ƙarƙashin wani tsohon sunan ɗan gidan Turai saboda kamar da suka yi. A 2012 aka sake duba samfuran Japan, aka ga ashe makashin ne. Daga baya aka same shi a arewa maso gabashin Sin da Koriya da gabashin Rasha. A can yana zaune a ganyen ash na yankin ba tare da ya yi ɓarnar a zo a gani ba, domin bishiyoyin sun daɗe da shi, jikinsu ya san yadda zai tsare shi a ganye. Ash na Turai bai taɓa haɗuwa da shi ba. Binciken gadon halittarsa da aka buga a 2018 ya nuna cewa duk wannan annoba ta Turai daga tushe biyu kacal ta fito, yayin da a Japan bambancin da ke tsakanin 'ya'yansa ya ninka na Turai sau da yawa. Da Hosoya bai tsuguna ya tsinci abin da ba wanda ya damu da shi a lokacin ba, da gano asalin cutar ya ɗauki lokaci fiye da haka.

Sunan ya zauna a 2014. Taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Melbourne a 2011 ya yanke cewa fangas ɗaya suna ɗaya zai ɗauka, ko da fuska nawa gare shi. Sai Baral da Queloz da Hosoya suka haɗa sunan dangin da sunan da Kowalski ya fara bayarwa, ya zama Hymenoscyphus fraxineus.

Yanzu an san zagayen rayuwarsa sarai. Ƙoƙunan suna harba iri cikin iska a watannin zafi, galibi da sassafe lokacin raɓa. Irin ya sauka a ɗanyen ganye, ya huda, ya bi tsinke ya shiga reshe, ya kashe ɓawo da katakon da ke ƙarƙashinsa. Da kaka ganye ya zube, fangas ɗin ya lulluɓe tsinken da baƙin sulke ya yi hunturu a ciki, shekara ta zagayo ya fitar da sababbin ƙoƙuna, kuma tsinke ɗaya na iya yin haka shekaru a jere. Ƙananan bishiyoyi suna mutuwa da wuri. Manya sukan yi shekaru suna ja da baya, har wani fangas mai cin saiwa, Armillaria, ya ƙarasa su. Wani nazari na 2019 da ya tattara alƙaluman Turai ya sami mace-macen da suka kai kashi 85 cikin 100 a gonakin itace, da kusan kashi 70 a dazuzzuka.

Iska ba ita kaɗai ta ɗauke shi ba. A Fabrairun 2012 aka gano shi a Ingila, a wani wurin renon dashe a Buckinghamshire, cikin kayan da aka shigo da su daga Holan. A Oktoban shekarar aka gan shi a dazuzzukan Norfolk da Suffolk, gwamnati ta hana shigo da dashen ash, har kwamitin gaggawa na ƙasa ya zauna a kai a Nuwamba. A wannan Oktoban ne kuma Ayalan ta tabbatar da shi a gundumar Leitrim, shi ma a dashen da aka sayo daga waje. Masu bincike a Jami'ar Oxford sun ƙiyasta a 2019 cewa cutar za ta ci wa Birtaniya kusan fam biliyan 15 cikin shekara 100, wani kaso mai tsoka na kuɗin kuwa na sare matattun bishiyoyi ne a bakin tituna da layin dogo kafin su faɗo wa mutane. Abin da ake dogaro da shi yanzu shi ne 'yan bishiyoyin da ke jure cutar, waɗanda ba su da yawa, amma suna gadar wa 'ya'yansu juriyar. A 2020 an dasa irinsu 3,000 a Hampshire don su zama tushen iri.

Ɗan gida kuwa yana neman rasa gidansa. Tsinken ganyen ash shi ne abincinsa kaɗai, baƙon kuma yana riga shi shiga, yana fitar da ƙoƙuna da yawan da ba za a haɗa ba, kuma yana barbara tsakanin tushe biyu, alhali ɗan gida shi kaɗai yake haihuwa. A Denmak masu bincike sun koma wuraren da aka taɓa tsinto Hymenoscyphus albidus a shekarun baya, suka tattara ƙoƙuna, suka tarar duk na baƙon ne. Sun buga sakamakon a 2012. Saboda haka duk wanda ya ce ya ga ɗan gida a yau, abin da za a fara tambayarsa shi ne ko ya duba gindin jaka.

A Asiya lissafin ya fi haka sarƙaƙiya. Tun da aka fara duba tsinkayen ganye da kyau a can, sababbin 'yan uwa suke ta fitowa: Hymenoscyphus albidoides a Sin, H. linearis a Japan, H. koreanus da H. occultus a Koriya ta Kudu, duk an rubuta su ne tsakanin 2013 da 2015. Mai son sa wa ɗayansu suna sai ya haɗa awon iri da gindin jaka da sunan bishiyar da ganyen ya faɗo daga kanta, sannan ya aika wani ɓangare a karanta DNA ɗinsa, ya busar da sauran ya ajiye a ambulan da kwanan wata.